Daga Ganyen Darbejiya Zuwa Kofin Ruwa: Yadda Masana Ke Farautar Gubar Da Ido Ba Ya Gani

Ɗebo ruwa a kofin gilashi ka ɗaga shi saitin rana. Idan ka gan shi garai-garai, babu laka, babu tsutsa, babu wari, nan take zuciyarka za ta ba ka cewa lafiyayye ne, sai ka kafa kai. Haka muka taso muna auna ruwa da ido da hanci. Sai dai akwai ruwan da zai ci wannan jarrabawa, alhali yana ɗauke da maƙiya biyu: ƙwayoyin cuta na bakteriya, da narkakkun ƙarafa masu guba irin su dalma da zaiba.

Na farkon muna da dabarar maganinsa tun kaka da kakanni, wato tafasa ruwa. Na biyun kuwa wuta ba ta yi masa komai. Hasali ma idan ka daɗe kana tafasa ruwa mai dalma, ruwan ne zai ragu ya bi iska, dalmar ta zauna daram a tukunya, abin da ya rage ya ƙara ƙarfin guba. A wannan makon za mu duba wata hanya da masana kimiyya ke bi don kama maƙiyan nan biyu, kuma kayan aikinsu ba baƙi ba ne a wurinmu: ganyen darbejiya, ganyen shayi, ɓuntun shinkafa da makamantansu.

Darasin da Zamfara ta koya mana

A farkon shekarar 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta ƙasa da ƙasa, MSF, sun lura cewa ƙananan yara na mutuwa fiye da ƙima a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara. Yaro zai fara amai da jijjiga, a ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro, amma babu sauƙi. Da aka gwada jinin yaran sai aka gano gubar dalma ce. Duwatsun zinaren da ake haƙowa a yankin cike suke da dalma, kuma a cikin gidaje ake daka su ana niƙa su. Ƙurar ta bi tsakar gida da kwanukan abinci da hannuwan yara masu rarrafe, wankin garin dutsen kuma ya gurɓata kududdufai da bakin rijiyoyi. Yara fiye da 400 ne suka rasu, dubbai kuma suka buƙaci magani. A 2015 irin wannan masifa ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja.

A Zamfara ƙura da ƙasa ne suka fi kai gubar jikin yara, shi ya sa sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Amma a wasu wuraren ruwa ne babbar hanyar. A garin Minamata na ƙasar Japan, a 1956 aka gano wata cuta mai lalata ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, wadda daga baya aka tabbatar zaibar da wata masana'anta ke zubarwa a teku ce ta shiga jikin kifi, mutane suka ci. A Bangladesh, rijiyoyin burtsatsen da aka haƙa don a raba mutane da ruwan kududdufi mai kawo gudawa sun ɓullo da sinadarin asenik daga ƙarƙashin ƙasa, miliyoyin mutane suka yi shekaru suna sha ba su sani ba. A birnin Flint na Amurka kuwa, a 2014 aka sauya wa jama'a madatsar ruwa, sabon ruwan ya ci tsofaffin bututu, dalma ta kwararo a famfo.

Abin da ya sa waɗannan ƙarafa suke da haɗari shi ne ba sa ruɓewa, kuma jiki ba ya fitar da su da sauri. Dalma takan taru a ƙashi ta yi shekaru, ta daƙushe ƙwaƙwalwar yaro har karatu ya gagare shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dalma ta wuce maikirogiram 10 a litar ruwan sha. Ma'ana, giram ɗaya tak na dalma ya isa ya kai lita 100,000 wannan iyaka, wato jarkoki 4,000 masu cin lita 25. Iyakar asenik ma maikirogiram 10 ce, ta kadmiyum 3, ta kuromiyum 50.

Mene ne nano?

Ɗauki rularka ta makaranta ka dubi milimita ɗaya, wato tazarar da ke tsakanin ƙananan layuka biyu. Raba wannan tazara gida miliyan ɗaya. Kowane gida shi ne nanomita ɗaya. Kaurin silin gashin mutum ya kai kimanin nanomita 80,000. Ƙwayar bakteriyar nan mai suna E. coli, wadda ake samu a ruwan da bayan gida ya gurɓata, tsawonta kimanin nanomita 2,000 ne. Abin da masana ke kira ƙwayoyin nano su ne ɓurɓushin abu masu girman nanomita 1 zuwa 100. Madubin ƙara girma na ɗakin gwajin makaranta ba ya iya nuna su, sai na musamman mai aiki da ilektiron.

To me ake nema a wannan ƙanƙanta haka? Ku tuna da sukari na ƙwaya da na gari. Idan aka zuba su a shayi, na garin ne ke riga narkewa, saboda ruwa yana samun jikinsa ta ko'ina. Ga lissafin. Ɗauki dunƙule mai fuska shida kamar na magi, kowane gefe santimita ɗaya. Faɗin jikinsa gaba ɗaya murabba'in santimita 6 ne. Idan ka yanka shi zuwa 'yan dunƙulaye masu gefen milimita ɗaya, za ka samu guda 1,000, faɗin jikinsu ya zama murabba'in santimita 60. Idan ka ci gaba da yankawa har gefen kowanne ya koma nanomita 10, faɗin jikinsu zai kai murabba'in mita 600. Wannan ya fi fuloti mai ƙafa 50 da ƙafa 100 faɗi. Abu bai ƙaru da ko giram ɗaya ba, amma wurin da zai gogu da ruwa ya ninka sau miliyan. Tunda a jikin abu guba ke maƙalewa, yawan jiki shi ne yawan tarko. Komai ƙanƙantar allura ƙarfe ce, in ji masu iya magana. A nan kuwa ƙanƙantar ita ce ƙarfin.

Inda ganye ya shigo

Hanyar da aka saba bi wajen haɗa ƙwayoyin nano na azurfa ko na baƙin ƙarfe tana buƙatar sinadarai masu tsada, wasu ma masu guba ne da kansu. Abin ya zama kamar a wanke riga da ruwan kwata. Wannan ne ya sa masana suka shiga neman wata hanyar.

A 2002, wata tawaga a Jami'ar Texas da ke El Paso, ƙarƙashin Farfesa Jorge Gardea-Torresdey, ta shuka ciyawar alfalfa a wurin da aka zuba narkakken zinare. Da suka duba cikin tsiron sai suka tarar ya tsotsi zinaren ya mayar da shi ƙwayoyin nano. A 2004 kuma, masu bincike a babban ɗakin gwajin sinadarai na ƙasar Indiya da ke birnin Pune suka nuna cewa ba sai an jira tsiro ya girma ba. Sun tafasa ganyen darbejiya, wanda wasu ke kira dogon yaro ko bedi ko maina, suka tace ruwan, suka zuba shi a narkakkiyar azurfa. Ruwan da yake fari tas sai ya rikiɗe zuwa ruwan ɗorawa, sannan ruwan ƙasa. Wannan sauyin launi shi ne alamar cewa ƙwayoyin nano sun samu.

Me ya faru a cikin kwalbar? Azurfar da ta narke a ruwa ta rasa ilektiron ɗaya ne daga kowace ƙwayar zarrarta, shi ya sa take yawo a ruwan ba a ganinta. Ganye kuma cike yake da sinadarai masu kyautar ilektiron, irin waɗanda ke sa shayi ɗaci da bauri. Da zarar sun miƙa wa azurfar abin da ta rasa, sai ta koma ƙarfe, ƙwayoyin zarrarta su fara haɗuwa. Nan kuma sinadaran ganyen suke yin aiki na biyu: suna lulluɓe kowane ɗan dunƙule kamar riga, su hana shi mannewa da 'yan uwansa ya zama ƙato. Ganye ɗaya ya zama maƙeri, ya kuma zama mai gadi.

Tun daga lokacin an gwada tsirrai masu ɗimbin yawa: koren shayi, ganyen turare, zogale, ɓawon lemu, ɓawon ayaba. Idan kuna ganin abin baƙo ne, ku leƙa majema. Majemanmu na gargajiya da bagaruwa suke jima, kuma sinadarin da ke cikin bagaruwa mai sa fata ta ƙi ruɓewa ɗan gida ɗaya ne da na shayi. Idan ya haɗu da baƙin ƙarfe yakan kama shi gam, launi ya koma baƙi. Ilimin kama ƙarfe da tsiro ya daɗe a hannun masu sana'a. Abin da ɗakin gwaji ya ƙara shi ne awo da bayani.

Yadda ake kama gubar

Narkakkiyar dalma da kadmiyum suna ɗauke da cajin lantarki mai alamar tarawa. Rigar sinadaran ganye da ke jikin ƙwayoyin nano kuwa tana da wurare masu cajin ɗebewa. Kamar yadda kuka koya a aji, caji mabambanta suna jan juna. Sai gubar ta bar ruwa ta maƙale a jikin ƙwayar. Irin wannan dabarar kamu ce likitoci suka yi amfani da ita a Zamfara: maganin da aka ba yaran yana cafke dalmar da ke jini ne ya fita da ita ta fitsari.

Akwai kuma hanya ta biyu, wato sauya wa gubar hali. Kuromiyum, wanda masana'antun jimar fata na zamani irin na Challawa da Sharada a Kano ke amfani da shi, yana da siffofi biyu. Ɗaya mai tsananin guba ce, tana narkewa ta bi ruwa, tana kuma iya jawo ciwon daji. Ɗayar ba ta kai ta haɗari ba, kuma takan kwanta a ƙasan ruwa. Ƙwayoyin nano na baƙin ƙarfe, har da waɗanda aka haɗa da ruwan shayi, suna iya miƙa wa muguwar siffar ilektiron su mayar da ita mai dama-dama.

To bayan an kama gubar, ta yaya za a fitar da ƙwayoyin da kansu daga ruwan, tunda babu rariyar da za ta tare su? A 2006, tawagar Farfesa Vicki Colvin a Jami'ar Rice ta Amurka ta nuna amsa mai ban sha'awa. Sun yi amfani da ƙwayoyin nano na wani nau'in tsatsa da maganaɗisu ke ja. Aka zuba su a ruwa mai asenik, suka kama shi, sannan aka kawo maganaɗisu ya janye su tare da kayan da suka ɗauka. Nasu ƙwayoyin ba da ganye aka haɗa su ba, amma daga baya wasu masu bincike sun haɗa irinsu da ruwan tsirrai.

Wani lokaci ma tsiron da kansa ne ake mayarwa nano. Jikin kowane tsiro da zare aka gina shi, irin zaren auduga. Ana iya warware zaren karan rake ko na masara har ya koma siraran zaruruwa masu kaurin 'yan nanomitoci, a yi matata da su. Ɓuntun shinkafa kuma, wanda ake tarawa tsibi-tsibi a bayan injinan casa ana cinna masa wuta, tokarsa cike take da silika, sinadarin da ke cikin yashi, mai ƙananan ramuka da ke riƙe datti.

Bakteriya fa?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 aƙalla mutum biliyan 1.7 ne ke shan ruwa daga wuraren da bayan gida ya gurɓata. Daga nan kwalara da taifod da atini ke fitowa. A nan azurfa ce gwana. Tun zamanin da mutane sun lura cewa ruwa da madara sun fi daɗewa ba su lalace ba a mazubin azurfa, tun ba su san akwai wani abu wai shi bakteriya ba.

Idan ƙwayar azurfa mai nanomita 20 ce, sai an jera guda 100 kafin su kai tsawon bakteriya ɗaya. Sukan maƙale a bangonta su huda shi. Sukan kuma saki narkakkiyar azurfa kaɗan-kaɗan, ta shiga ciki ta ɗaure sinadaran da bakteriyar ke numfashi da narka abinci da su, ta kuma hana ta hayayyafa. Ana kai mata hari ta ƙofa da taga a lokaci guda.

Wannan ɓangaren har ya fito kasuwa. A 1981 wani masani ɗan ƙasar Guatemala, Fernando Mazariegos, ya ƙirƙiro tukunyar tace ruwa ta yumɓu. Ana kwaɓa yumɓun da garin katako, idan aka gasa sai garin ya ƙone ya bar ƙananan ramuka, sannan a shafa ruwan azurfa. A yau ana gina irinta a ƙasashe da dama. A 2009 kuma kamfanin Tata na Indiya ya fito da matatar gida mai suna Swach, wadda ke aiki da tokar ɓuntun shinkafa da ƙwayoyin nano na azurfa, ba ta buƙatar wutar lantarki.

Ba girin-girin ba dai, ta yi mai

Kada wani ya karanta wannan ya je ya jefa ganyen darbejiya a randa ya ce ya cire dalma. Ganye shi kaɗai ba ya wannan aiki, kuma akwai tazara mai nisa tsakanin kwalbar gwaji da rijiyar ƙauye.

Matsala ta farko, ganye ba ya zama iri ɗaya. Na damina daban, na rani daban, na wannan gari daban da na wancan, don haka girman ƙwayoyin da ake samu yakan bambanta. Ta biyu, yawancin gwaje-gwajen da ruwa mai tsabta ake yin su, a zuba masa guba iri ɗaya. Ruwan rijiya kuwa akwai gishiri da kanwa da laka, kowanne yana rububin wurin zama a jikin ƙwayar. Ta uku, azurfa tana da tsada, tana kashe kifi da bakteriya masu amfani idan ta malala rafi, kuma idan ta taru a jikin mutum takan mayar da fatarsa ruwan toka har abada. An ma samu bakteriyar da ta koyi jure mata. Ta huɗu, gubar da aka kama ba ɓacewa ta yi ba, wuri ta sauya. Idan aka zubar da tsohuwar matata a bola, ruwan sama zai mayar da dalmar inda ta fito.

Waɗannan matsaloli ba dalilin karaya ba ne. Su ne ainihin aikin da ke jiran wanda zai yi.

Gwajin da za ku iya yi a makaranta

Haɗa ƙwayoyin azurfa sai a ɗakin gwaji tare da malami, domin gishirin azurfa yana ƙona fata, yana kuma illa ga ido. Amma ga wani gwaji mara haɗari da zai nuna muku yadda caji ke kama datti.

Ku samo busassun 'ya'yan zogale, ku ɓare su, ku daka farin cikin ya yi laushi. Ku cika gorunan roba biyu masu cin lita ɗaya da ruwa mai laka. A cikin ɗaya ku zuba garin ƙwaya ɗaya ko biyu da aka dama da ɗan ruwa, ɗayar ku bar ta haka. Ku girgiza su da ƙarfi na minti ɗaya, sannan a hankali na minti biyar, ku ajiye su awa ɗaya ko biyu ba tare da taɓawa ba. Ku rubuta abin da kuka gani duk bayan minti goma sha biyar.

Za ku ga lakar gorar zogale ta dunƙule ta kwanta. Dalili shi ne ƙwayar zogale tana da wani furotin mai cajin tarawa, ɓurɓushin laka kuma cajin ɗebewa gare shi. Matan karkara a bakin kogin Nilu a Sudan sun daɗe suna tace ruwa da wannan dabara, kuma daga wurinsu wata masaniya mai suna Samia Jahn ta ɗauko ta ta yi nazarinta ta rubuta. Sai dai ku kiyaye: wannan ba ƙwayoyin nano ba ne, kuma ruwan da ya washe bai zama na sha ba. Kada ku sha ruwan gwaji.

Kafin binciken ya iso gida

Akwai abubuwan da ba sai an jira masana ba. A ci gaba da tafasa ruwa ko sa masa maganin kulorin saboda bakteriya. Kada a fasa tsohon batirin mota ko na sola a gida ko kusa da rijiya, domin cike yake da dalma. Kada a daka dutsen ma'adinai inda yara suke, kuma mai aikin haƙa ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya shiga gida. Idan rijiya tana kusa da wurin haƙar ma'adinai ko magudanar masana'anta, a nemi a kai ruwanta ɗakin gwaji, don ido ba zai gaya muku komai ba.

Ga ɗalibin da ke ganin darasin kimiyyar sinadarai haddar alamomi ce kawai don cin jarrabawa, ga inda alamomin suke kaiwa. Wanda zai yi wannan aiki yana buƙatar kimiyyar sinadarai don ya san yadda guba ke maƙalewa, kimiyyar halittu don ya san bakteriya, da lissafi don ya auna abin da ya rage a ruwan. Darbejiya tana ƙofar gidajenmu, bagaruwa tana kasuwa, ɓuntu yana bayan injin casa. Rijiyoyin da ke buƙatar gwaji ma namu ne, kuma ƙannenmu ne ke shan ruwansu. Ku fara da gorunan nan biyu da littafin rubuta abin da kuka gani.